Sawu a Kan Dusar Ƙanƙara

Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka bar Kano ba, kowa ya san yadda ake rakiya da share hawaye. Zan fara ne daga tashar jirgin ƙasa ta Mosko, a shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki, don a nan ne na tabbatar mun yi nisa da gida. Mu biyu ne daga cikin birni a ayarin ɗaliban da aka tura: ni Ɗahiru, ɗan marina daga gindin Dala, da Buba daga Goron Dutse. Ni an turo ni koyon zanen atamfa da haɗa launi, shi kuma gyaran injin saƙa. Mahaifinsa dillalin shanu ne da ya daɗe da zama cikin ganuwa, amma Buba a ruga ya yi ƙuruciya wurin kakansa, yana bin garke. Ban san shi a Kano ba. A cikin jirgin sama na ji wani yana mita da Hausa cewa abincin nan ko gishiri babu, daga nan muka ƙulle. Yana ce mini Marini, ina ce masa Ɗan Fulani, har ranar da muka rabu.

A tashar nan wani baƙin mutum mai ƙaton kwat ya tare mu da cikakkiyar sallama. Bai faɗi ƙasarsu ba, amma Turancinsa irin na wajenmu ne, kuma ya ce ya shekara bakwai a can. Ya dubi ƙafafunmu ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Ƙannena, da wannan takalmin za ku shiga sanyi? Ai yatsunku sai sun zube."

Ya zuge jaka ya fito da takalma dogaye, baƙaƙe, suna sheƙi. Ni sun yi mini kaɗan, Buba kuwa kamar don shi aka ɗinka. Ya cire agogonsa, ya haɗa da ƙaramar rediyon da yayansa ya ba shi, ya miƙa. Mutumin ya yi mana addu'a mai tsawo ya shige cikin jama'a. Ba zan ɓoye ba, na yi hassadar takalman nan har muka sauka.

Kwana ɗaya da yini muka yi a jirgi kafin mu isa garin masaƙu inda makarantarmu take. Gari ne na jan bulo da dogayen bututun hayaƙi, daji ya kewaye shi ta ko'ina. Aka ba mu ɗaki ɗaya. Watannin farko harshe muka yi ta fama da shi, da miyar kabeji safe da yamma, da mutanen da ke binmu da kallo a titi, wasu har su taɓa fatar hannunmu. Wata tsohuwa mai tsaron ƙofar masaukinmu ta ga takalmina na Kano, ta shiga ɗakinta ta fito da wasu irin na gashin tumaki da aka curkuɗa, munana, na marigayi mijinta. Buba ya yi ta dariya, ya ce na zama raƙumi. Ta nuna masa cewa akwai wasu, ya ɗaga nasa masu sheƙi ya gode mata.

Ana cikin haka labari ya iso cewa an rantsar da farar hula a gida. Muka yi murna, har Buba ya dafa shinkafa da wake a bisa murhun masauki. Amma bayan murnar sai raɗe-raɗi ya biyo, daga bakin ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke wasu garuruwa: wai sababbin masu mulki na duba jerin waɗanda soja suka tura waje, duk wanda ya faɗi jarrabawar farko za a mayar da shi gida, a sa ɗan wani mai jam'iyya a gurbinsa. Har yau ban san ko gaskiya ba ne. A lokacin dai mun yarda, kuma tun daga nan tsoro ya shige ni. Ni ne na farko a gidanmu da ya wuce firamare. Ranar da sunana ya fito, mahaifina ya bar karofi da hannunsa shuɗi har gwiwa ya bi gida-gida yana faɗa. In na tuna zan iya komawa lungunmu da akwati ba takardar shaida, sai in ƙara duƙufa a kan karatu.

Buba ba shi da wannan damuwar. Hannunsa na jin ƙarfe, malamansa na yabonsa. Ni ne matsala ta kama, kuma sunan matsalar Malama Nina, mai koyar da launi. Siririya ce, mai furfura, ba ta ɗaga murya. Da sanyi ya kankama ta kai mu wani ƙaramin gidan ajiye zane-zane da ke tsakiyar gari, ta raba wa kowa zane ɗaya. Jarrabawarmu ita ce kowa ya kwafi nasa da fenti da burushi. Ni ta tsayar da ni gaban wani babba, faɗinsa ya kai tabarma, na wani mai zane ɗan garin da ya mutu tun kafin a haife ta.

Da na gan shi na ce a raina Allah ya taimake ni, an ba ni mai sauƙi. Fili ne na dusar ƙanƙara, bayansa baƙin daji, a gefe wata 'yar bukka ta katako. Ba mutum, ba dabba. Na sayi farin fenti mai yawa, na shafe ƙyallena fes kamar mai shafa farar ƙasa a bangon amarya, na jera itatuwa a bayansa. Cikin kwana uku na gama, na kai mata ina taƙama.

Ta duba, ta daɗe. Sannan ta yi magana a hankali don in gane.

"Wannan bango ne. Ni ƙanƙara na ce. Koma ka nemo mini wuri ɗaya a zanen can da yake fari."

Na koma da fushi, na tsaya har hancina ya kusa taɓa shi. Nan na ji kunya. Babu fari ko ɗigo. Abin da idona ya ɗauka fari ashe ruwan toka ne, da ɗorawa mai haske, da wani ja-ja kamar cikin farce. A gaba-gaba mai zanen bai ma yi aiki da burushi ba, da wuƙa ya ɗora fentin, ya yi kauri har yana da tudu da kwari, ka ji kamar in ka taka zai yi ƙara. Can baya kuma ya tsinka shi ƙwarai, har saƙar ƙyallen na leƙowa, shi ya sa dajin yake ja da baya komai kusantar da ka yi. Ya ɗaga ƙasa sama ya bar wa sararin samaniya ɗan siririn wuri, sai ka ji an danne maka kai. Rana ba ta cikin zanen, tana bayan mai kallo, ƙasa-ƙasa, ta jefa inuwar wasu itatuwan da ba a gani, dogaye, duk sun miƙe sun nufi dajin. Inuwar nan ce ta gagare ni. Shuɗiya ce, kuma ni shuɗi gadona ne. Na san na tsomin farko, na san na tsomi bakwai, na san wanda ya sha bugu har yana walƙiya. Wannan ban san shi ba. Sau huɗu ina haɗawa, sau huɗu Malama Nina tana girgiza kai. A na huɗun ta ce saura mako biyu, kuma ba za ta ƙara karɓar gyara ba.

Wata Asabar Buba ya raka ni, don gidan zanen ya fi ɗakinmu ɗumi. Mai gadin ɗakin, wata dattijuwa mai kauri da muke kira Iya, ta saba da ni, takan ba ni kujerarta da shayi a murfin filas. Buba ya tsaya gaban zanen yana hura shayi. Na ga ya daina hurawa.

"Marini, wa ya shiga dajin nan?"

"Ba kowa. Fili ne kawai."

"Kai dai makaho ne. Ga sawu nan."

Na san da wasu 'yan ɗige-ɗige da suka ratsa filin, har na kwafe su, amma ban ɗauke su komai ba. Buba ya bi su da yatsa daga nesa, yadda na tabbata yakan bi sawun saniyar da ta ɓace.

"Duba nan, takunsa da faɗi, da ƙarfinsa ya taho. Nan kuma ya fara gajarta. Ka ga wannan layin? Ƙafar hagu yake ja. Nan ya tsaya, ya juya ya kalli bukkar, sawun ya tattaru wuri ɗaya. Amma bai je ba."

"Don me?"

"Ka ga hayaƙi a kanta? Ba kowa ciki. Ya wuce daji. Kuma ba sawun dawowa." Ya kurɓi shayin. "Wanda ya zana wannan ya taɓa neman mutum bai same shi ba."

Na ce masa ya cika baƙin zato irin na mutanen daji, ai ga rana nan ta fito a zanen, hantsi ne mai kyau, mutumin zai ji ɗumi ya dawo. Haka muka sani a Kano. Komai tsananin hunturu, da rana ta ɗaga tsofaffi ke fitowa gindin bango shan hantsi, kafin azahar an tuɓe rigunan sanyi. Iya ta ga ina nuna hasken ina murmushi, ta tambayi abin da nake cewa. Na haɗa mata da ɗan harshen da na iya. Ta kama hannuna ta ce, "Gajimare, ɗumi. Rana, mutuwa." Ta maimaita sau biyu. Na ji ta sarai, na kuma gane. Na dai ɗauka zancen tsofaffi ne.

A nan dabara ta zo mini. Ƙanƙarar cikin gari duk hayaƙin masaƙu ya baƙanta ta. Na ce in dai ina son launin nan, sai na je inda mai zanen ya tsaya na gani da idona, ranar da rana ta fito. Buba ya ƙi. Ya ce shi dajin da bai san sunan itatuwansa ba ba ya shigarsa. Na yi ta yi masa magiya, na ce in aka kore ni wa zai riƙa dafa masa wake, na ce ashe Fulanin birni tsoron daji suke. Wannan ta ƙarshen ce ta kama shi.

Lahadi ta zo da rana tarwai, sama shuɗiya ba ɗigon gajimare, irin wadda ba mu gani ba tun zuwanmu. Murna ta sa na bar rigar ciki ɗaya, Buba ya bar hularsa mai kunnuwa. Muka hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa wata tasha a bakin daji, inda mu kaɗai muka sauka. Tun a dandamalin na lura gashin hancina na daskarewa in na ja numfashi. Ranar tana haska mu amma ba ta taɓa mu, kamar fitilar da aka kunna a wani ɗaki. Ban faɗa wa Buba ba.

Muka yi tafiyar kamar awa guda har muka fito wani fili. Na ga abin da na zo nema. Inuwar itatuwa ta kwanta a kan ƙanƙara, kuma a tsaye a wurin na gane kuskurena: ni ina ta ƙara duhu a shuɗin, alhali inuwar haske ce da ita, sama ce take kwance a ciki, da ɗan ja kaɗan a bakin inda ta haɗu da rana. Na fito da akwatin fenti da ɗoki. Fentin ya yi tauri, sai na sa shi cikin hammata ya saki. Na manta da sanyi, na manta da Buba.

"Marini, azahar na wucewa," in ji shi.

Na ce ya yi, ni zan haɗa da la'asar in mun koma. Buba ba ya wasa da salla. Muna da ruwan ɗumi a filas, ya tsuguna ya yi alwala cikakkiya yadda ya saba tun yana yaro, ya cire takalmi ya wanke ƙafafu har idon sawu, ya mayar da safa a kan danshin. Ya shimfiɗa kwat ɗinsa ya yi salla. Da ya idar ya ce mu tafi. Na ce saura kaɗan. Ya ƙara cewa mu tafi, na ƙara cewa saura kaɗan. Allah ya sani, sau uku ya faɗa.

Da na ɗaga kai inuwoyin sun ninka tsawo, iska ta taso tana share ƙasa. Sawunmu na zuwa ya fara cikewa. Buba ya shige gaba, yana sunkuyawa yana duba inda ƙanƙarar ta ɗan lotsa, yana duba reshen da muka karya. Ba don shi ba da ban fita dajin nan ba, wannan ba na shakka. Ina bayansa ina kallon takunsa. Na ga ya fara gajarta. Can na ga tafin takalminsa na hagu ya ɓalle yana lilo, abin da ke ciki ya fito, kwali ne aka manna wa fata. Ya ɗaure shi da gyalen wuyansa muka ci gaba.

"Da zafi?" na tambaye shi.

"Ɗazu da zafi. Yanzu ya daina, alhamdu lillahi."

Na ji daɗin amsar nan. Abin da ban sani ba ke nan.

Mun isa tashar rana na gab da faɗuwa. Ɗakin jira ba kowa, sai murhun ƙarfe yana ci da wuta, da buta a kansa tana tafasa. Na zaunar da Buba na cire masa takalman. Safar ta manne, sai da na ja. Yatsunsa sun yi fari da tauri kamar kyandir, kuma na rantse da Allah, abin da ya fara zuwa kaina da na ga gefensu shi ne ga launin nan kuma. Har yau ina jin kunyar wannan tunanin.

Na yi abin da na ga ana yi a gidanmu ga duk wanda ya yi targaɗe ko sanyi ya kama: gashi da ruwan zafi. Na tsoma gyale a ruwan butar, na riƙa danna masa ina murzawa da ƙarfina. Na jawo benci na kara tafin ƙafafunsa a jikin murhun. Ina tambaya ko ya yi zafi, yana cewa bai ji komai ba, in ƙara. Na ƙara. Sai da wata mata ma'aikaciyar tashar ta shigo, ta kurma ihu, ta doke hannuna, ta janye shi daga wutar. Ta buɗe rigarta ta sa ƙafafunsa a cikinta tana kuka tana zagina. Lokacin na ji ƙaurin fatarsa da ta ƙone.

A asibiti likitan ya kira wani ɗalibi mai Turanci ya fassara mini, don kada in ce ban gane ba. Ya ce sanyin kaɗai da wataƙila yatsa biyu zai ci. Murzar da wutar su suka ƙarasa sauran. Aka yanke duka na hagu da rabin tafin, da uku a dama.

Na kai wa Malama Nina zanena a ranar ƙarshe, don ban san abin da zan yi da kaina ba in ban zana ba. Ta daɗe tana kallo fiye da kullum. Ta ce inuwar ta yi, sawun ma ya yi, har ya fi na ainihin ban tsoro. Ta ba ni makin da ya fi na kowa a ajin. Ta ji labarin Buba, amma ba ta haɗa biyun ba, ni kuma ban haɗa mata ba.

Buba ya yi wata biyu a kwance, jarrabawarsa ta wuce shi. Makarantar ta ce aikin inji na tsayuwa ne yini guda, ba zai iya ba. Ba wani ɗan jam'iyya da ya karɓi gurbinsa, takarda ce kawai aka buga aka sa hannu. Na raka shi tasha ina ɗauke da akwatinsa, yana dogara sanduna biyu. Tun a asibiti nake neman bakin da zan roƙe shi gafara, duk lokacin da na fara sai ya kawo zancen wake. A dandamali na sake farawa.

"Ɗan Fulani, ni ne na..."

"Ka rubuta wa Baba wasiƙa?"

"Na rubuta. Zan sa a gidan waya."

"Kawo nan. Gidan waya sai ta yi wata. Ni cikin mako guda ina Kano."

Na ba shi. A cikinta na gaya wa mahaifina cewa na zo na ɗaya, ban ambaci daji ba ko da kalma guda.

Amsar ta iso bayan ƙanƙara ta narke, da rubutun ajami na mahaifina. Bayan gaisuwa da sa albarka ya ce: "Abokinka Buba ya kawo takardarka da kansa. Daga Goron Dutse ya tako har karofi da sanduna, na yi masa faɗa, ya ce amana ce ba ya ba wa yaro. Ya zauna ya gaya mana yadda ya ɓata a daji da taurin kansa, ka bi shi ka fito da shi, ka yi ta gasa masa ƙafa har taimako ya zo. Ya ce ba don kai ba da can za a binne shi. Na tara mutanen unguwa ya maimaita a gabansu. Ɗahiru, na ɗayan da ka zo bai faranta mini rai kamar wannan ba."

Na shekara biyar a ƙasar, na dawo da takardar shaida. Mahaifina ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan dawowata, kuma duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya ba shi labarin nan, ina zaune ina zuba shayi. Ban taɓa gyara masa ba.